Ranar da Na Mayar da Bindigogi Jakuna

Ba zan taɓa mantawa ba da wannan rana, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Anka ba za su bar ni ba. Har yanzu idan na ratsa kasuwa sai an sami wani ya leƙo daga rumfa ya ce, "Malam, ina labarin jakkai?" Ni kuwa sai in ɗaga masa hannu in ƙara sauri.

Ni malamin sakandare ne, kuma nazarin zamantakewa na karanta. Faransanci zango ɗaya tak na yi masa a kwalejin horon malamai, sai ɗan abin da na tsinta ina saurayi lokacin da nake raka kawuna Ƙonni saro kaya, wato gaisuwa da ƙidaya da yadda ake cewa "ya yi tsada". Da aka turo ni makarantarmu, firinsifal ya tara mu ya ce ba mu da malamin Faransanci, ko akwai wanda ya taɓa shi? Sai na ga hannuna a sama (har yau ban san abin da ya ɗaga shi ba). Aka miƙo mini wani tsohon littafi na 'yan aji ɗaya, cike da hotunan dabbobi da kayan marmari, kowane hoto da sunansa a ƙasa. Da shi na riƙa koyarwa, kullum ina gaban ɗalibaina da shafi biyu. Yara suka sa mini suna Mushe, don haka ake kiran malami a Nijar. Na yi ta jin daɗin sunan, na manta abin da mushe ke nufi a Hausa.

Shekarun nan ne abubuwa suka fara lalacewa a yankinmu. Da, bindigar da muka sani ita ce ta maharba, a ɗura toka, a harba, a tsaya sake ɗuri. Sai ga wasu irin na soja sun ɓullo a daji, ba wanda ya san ta inda suke shigowa. Aka fara kore shanu, aka fara tare 'yan kasuwa a hanya. Abin da ya fi ban tsoro shi ne shirun da ya sauko wa mutane. A majalisa ana maganar taki da zinari da siyasa, amma da wani ya ambaci bindiga sai ka ga kowa ya tuna yana da uzuri a gida, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba.

Wata rana ina cikin aji, ina koya wa yara sunayen 'ya'yan itace, sai ga firinsifal tare da wani babban ma'aikacin ƙaramar hukuma, gumi na zubo masa.

"Malam, tashi mu tai," in ji ma'aikacin. "Baƙi mun ka yi daga Nijar. Manyan Abuja da tafintansu motarsu ta lalace hanyar Gusau. Guda ɗaya ka jin Hausa cikin baƙin, shi kau ya ɗauki mota ya koma ya ɗauko su. Jama'a sun taru tun hantsi, har daga Gummi da Bukkuyum, sun fara gunaguni. An ce kai ne Bafaranshen garin ga."

Na ce, "Ranka ya daɗe, taron mene ne?"

"Kan abubuwan da aka ƙetarowa da su ta iyaka dai. Sauran kai za ka gaya muna."

A nan ne ya kamata in ce ban iya ba. Amma ɗalibaina na kallona, firinsifal na kallona da alfahari kamar shi ya haife ni. Sai na rufe littafi a hankali na ce, "Ba damuwa." Har na roƙa a biya da ni gida in sa babbar riga. Matata ta tsaya bakin ƙofa tana kallona ina karya hula, ta ce, "Baban Sadiya, Faransancin naka na kyanwa da ayaba za ka kai gaban manya?" Na ce mata mata ba su san harkar diflomasiyya ba.

Ɗakin taro ya cika maƙil. Ga hakimai a gaba, ga limamai, ga arɗaɗan Fulani da sandunansu, ga shugabannin masu haƙar zinari daga Abare da kewaye, ga mata a gefe guda. Mutanenmu sun saba da taron baƙi tun lokacin da gubar dalma ta yi mana ɓarna, saboda haka kowa ya zo da kunnensa a buɗe. Janareta na ruri a bayan taga, lasifika na kuka kamar an taka wutsiyar mage.

Shugabar baƙin wata doguwar mata ce mai tabarau, daga ma'aikatarsu ta harkokin waje a Yamai. Bazabarma ce, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Kowa Madam yake ce mata. Na matsa na ce, "Bonjur, Madam. Sa ba?" Fuskarta ta washe, ta zubo mini magana kamar an fasa tulu. Ban kama ko kalma ɗaya ba, amma na gyaɗa kai na ce, "Wi, wi." Na ji wani a baya yana cewa, "Kai, Malam ashe abin nasa ba wasa ba ne." Kaina ya ƙara girma.

Farkon jawabin ya tafi lafiya lau. Na tsinci Nijar, na tsinci Najeriya, na tsinci kalmar 'yan'uwa. Na karɓi makirufo na ce, "Ta ce Nijar da Najeriya uwa ɗaya uba ɗaya." Aka tafa. Na ƙara da cewa ta gode da tarba, tana gaishe da sarakuna (wannan ban ji ta faɗa ba, amma wane baƙo ne ba ya faɗa?).

Sai ta shiga ainihin magana, ta ƙara gudu. Kalmomi biyu na kama don suna kama da Turanci, ɗaya sa ido, ɗaya fitar da kaya waje. Sai ta uku da take ta maimaitawa. Ita "dezarm" take cewa, wato makamai. Ni kuwa da kukan lasifika da rurin janareta, "dezan" kunnena ya ji. Nan take hoton littafina ya faɗo mini a rai, wata dabba mai dogayen kunnuwa tsaye kusa da kyanwa. Jakuna! Kuma ga shi a lokacin masu sayen fata sun sa jaki ya yi tsada, ana ta satarsu, har na ji a rediyo Nijar ta hana fitar da su. Komai ya haɗu daidai. Na ji wani sanyi a zuciyata irin na wanda ya ga tambayar da ya karanta ta fito a jarrabawa.

Na gyara wuyan riga na ce, "Ta ce gwamnatocin biyu sun damu ƙwarai da yadda jakuna ke ƙetara iyaka ba bisa ƙa'ida ba."

Mutane suka gyaɗa kai. Wani arɗo ya ce, "Gaskiya ne, an sace mani biyu."

Madam ta ga ana amsawa, ta ji daɗi, ta ci gaba. Na kama ƙarami, na kama marar nauyi, na kama buhu.

"Ta ce ƙananan jakuna marasa nauyi su suka fi haɗari, don mutum ɗaya kan iya saka su a buhu ya ƙetare da su."

Nan wasu suka fara duban juna. Na kama lamba, na kama takardar shaida.

"Ta ce daga yanzu kowane jaki za a buga masa lamba tun daga inda aka haife shi. Kuma ƙasar da za ta sayar da jaki sai ta ga takardar da ke nuna wanda zai riƙe shi a ƙarshe, da abin da zai yi da shi."

"Mi za shi yi da shi in ba ɗaukar kaya ba?" wani ya faɗa daga baya. Aka ce masa ya yi shiru.

Sai ta ambaci Libiya, ta ɗaga hannu ta nuna alamar abu yana kwarara. Na ce tun da Libiya ta rikice jakunanta suka bazu cikin hamada, suna gangarowa kudu garke-garke. Ban taɓa jin an ce Libiya ta yi suna da jakuna ba. Amma na riga na yi nisa, kuma ban ga ƙofar komawa ba.

Daga nan Madam ta ajiye takardar hannunta, ta cire tabarau, muryarta ta yi ƙasa. Kalmomin da na ji na san su sarai: yara, ƙauye, mutuwa. Ta ɗaga yatsa ta nuna alamar harbi. Ta juyo tana jirana.

Na ce, "Ta ce... jakunan nan suna harbi. Sun kashe yara da yawa, sun tashi ƙauyuka."

Sai wani dattijo ya miƙe a tsakiyar jama'a. Baba Mamman ke nan, mutumin Sunke, wanda ya tsufa yana jigilar ruwa da buhunan dutse a kan jakuna. Ya dogara sandarsa ya ce, "Malam, tambaya gare ni. Tun ban da gemu nika kiwon jakkai. Harbi kam suna yi, ban musu ba, nawa ya taɓa karya ma wani haƙarƙari. Amma ka tambaya mani baiwar Allah ga, jakin Libiya wane iri na, da shika tashin gari guda?"

Ban san yadda ake cewa ko rabin wannan da Faransanci ba. Na juya wajen Madam. Ita kuwa ta daɗe tana jin wata kalma na yawo a bakina, yanzu kuma ta ji ta a bakin tsoho, kuma kalma ce da ko mai Hausar cefane ya sani. Ta dube ni ta ce, "Jaki?" Ta ɗora tafukanta biyu a kai ta yi dogayen kunnuwa, ta sake cewa, "Jaki?"

Ni kuma, don abin ya cika, na ce, "Wi, Madam."

A daidai lokacin ƙofa ta buɗe, manyan Abuja suka shigo da ƙurarsu, a gabansu wani kakkauran mutum cikin kaki. Shi ne Kwamanda Isufu, jami'in kwastan na Nijar, haifaffen Ƙonni, wanda ya tafi ɗauko su. Madam ta yafuto shi ta yi masa magana da sauri tana nuna ni. Ya tambayi na gaba-gaba abin da aka gaya musu, suka faɗa masa. Na ga ya cije leɓe, kafaɗunsa na rawa. Ya karɓi makirufo daga hannuna a hankali kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro.

"Jama'a, ku yi muna haƙuri. Madam kan makamai taka magana, bindigogi da harsasai. Ba ta ambaci jaki ko ɗaya ba."

Sai dariya ta fashe kamar rufin ɗakin zai tashi. Limamai na rufe baki da gefen rawani, arɗon da aka sace wa jakuna ya kwanta a kafaɗar na kusa da shi, mata na tafa hannu. Ma'aikacin da ya ɗauko ni ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Wani ya ɗaga murya daga can baya, "Yau Mushe ya zama mushe!" Na tsaya cikin babbar rigata ina roƙon ƙasa ta tsage.

Na fara ja da baya ina neman ƙofa, sai Madam ta nuna mini kujerar da ke kusa da ita, tana share hawayen dariya. Ta ce wani abu, Kwamanda ya fassara: "Ta ce ka zauna. Ta ce kuma mu bar Faransanci can Yamai, mu bar Turanci can Abuja, mu yi Hausa, ni in riƙa raɗa mata." Mutanen Abuja suka amince. Na zauna, ba don ina so ba.

Kwamanda ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce bindigar da ake kashe mu da ita ba a Anka aka ƙera ta ba, ba kuma a Ƙonni ba. Wata masana'anta ce a wata ƙasa mai nisa ta ƙera ta, wata gwamnati kuma ta sa hannu aka fitar da ita. Abin da ƙasashe ke ƙoƙarin haɗa kai a kansa shi ne, mai sayarwa ya tambaya ina za ta, mai saye ya yi alkawarin ba zai miƙa wa wani ba, kuma idan an tsince ta a hannun ɗan ta'adda a bi lambarta a gano inda ta zurare, a toshe. Haka nakiyar da ake fasa dutse da ita a ramukan zinari, a san wanda ya shigo da ita da inda ta ƙare. Sai ya dube ni ya ce, "Misalin Malam ma bai ɓaci duka ba. Arɗo, in an kore saniyarka an ka gan ta kasuwar wani gari, da mi kaka gane ta?" Arɗo ya ce da shaidar da ke jikinta. Kwamanda ya ce, "To, ita mu ka son a yi ma bindiga."

Da ya gama ya ce mai magana ya yi. Sai shirun nan da na sani ya dawo. Kowa ya sa ido a ƙasa.

Baba Mamman ne ya sake miƙewa. Wannan karon babu wasa a fuskarsa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin tsumma, ya taka har gaban tebur yana kwance shi. Kwanson harsashi ne guda uku.

Ya ce, "Ɗana Sani an ka tare, shina dawowa daga kasuwar Nasarawa Burkullu. Da mun ka tai ɗaukar shi, waɗanga nit tsinta kusa da shi. Ban taɓa gwada ma kowa su ba, don tsoro. Akwai rubutu gindinsu. Ni ban yi boko ba. In shi ne shaidar da kuka faɗi, ga su."

Madam ta miƙe tsaye, ta karɓa da hannu biyu. Ba ta jira fassara ba. Kwamanda ya ɗaga ɗaya wajen haske ya duba, ya ce, "Baba, shi ne. Wanga rubutu shi za mu bi."

Daga nan bakuna suka buɗe. Wata shugabar mata daga Bukkuyum ta faɗi yadda suka daina zuwa itace. Arɗo ya ce su ma ana kashe su, ana kore musu dukiya, sannan a shigo gari a kalle su da idon zargi. Wani mai haƙar zinari ya faɗi irin motocin da ke shigowa da kaya a rufe su fita da dutse. Ba wanda ya kama suna, amma an faɗi hanyoyi, an faɗi yanayi. Mutanen Abuja da na Nijar na ta rubutu, jami'an kwastan na ɓangarorin biyu suka karɓi lambobin wayar juna a gabanmu. Tun da abin nan ya fara, ban taɓa ganin an yi maganar bindiga a bainar jama'a haka ba.

Da aka tashi na so in sulale ta ƙofar baya, sai na yi kiciɓis da Baba Mamman. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, na ɓata muku lokaci."

Ya dafa kaina ya ce, "Ɗana, tun da an ka kashe Sani ban yi dariya ba sai yau. Allah shi yi maka albarka." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka koma makaranta."

Labari ya riga ni isa gida. Matata ta ajiye mini tuwo, ta zauna nesa kaɗan, tana ta tari irin na mai danne wani abu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce taron nan ya kawo ƙarshen bindiga a yankinmu ba. Mun ga kwanaki masu wuya bayansa, wasu ma sun fi na baya. Amma Kwamanda Isufu bai yar da mu ba. Yakan kira ni lokacin Sallah mu gaisa, kuma ya taɓa gaya mini sun kama wasu kaya a ƙarƙashin buhunan albasa saboda wani daga ɓangarenmu ya buga waya a kan lokaci. Wata rana kuma ya ce in je Sunke in gaya wa Baba an gano ƙasar da ta ƙera harsasan nan, kuma gwamnatocin biyu sun nemi ta yi bayanin yadda suka bar hannunta. Na hau babur na je na same shi yana ba jakunansa dusa. Da na gaya masa ya ajiye dusar, sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi. Yanzu can ma sun san an kashe Sani."

Na bi shawarar Baba. Da aka yi dogon hutu na tafi Ƙonni, Kwamanda ya haɗa ni da wani malami, na zauna a benci ɗaya da yaran da ba su kai Sadiyata ba. A can na gano akwai wata 'yar jimla da ta fi duk hotunan littafina amfani, kuma ba ta da tsawo: ban gane ba, don Allah a maimaita. Ashe manyan da ke zama tsakanin ƙasa da ƙasa ba sa jin kunyar faɗinta. Ƙananan masana irina ne take yi wa nauyi a baki.

Da muka koma makaranta, ita na fara rubutawa a allo da Faransanci, na yi dogon bayani a kan muhimmancinta, har da su diflomasiyya da zaman lafiyar duniya. Ina gamawa wata yarinya a layin gaba ta dube ni ido cikin ido, ta karanto mini ita garau, ba ko tuntuɓe.

Na ɗauki alli na maimaita.